Ƙudujin Kawu Labbo

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Labbo ya san ba a gama gaisuwa da shi da baki kaɗai, sai an haɗa da hanci. Kana cikin "ina kwana, ina gajiya" sai ka ga ya kai hannu gefen hula, ya zaro wani ɗan fure ya dosa maka a ƙofar hanci. "Shinshina!" Ba ruwansa da ko kai wane ne, ba ruwansa da inda ake. Na ga ya yi wa liman ana tsakiyar ɗaurin aure, na ga ya yi wa ma'aikaci a shingen hanyar Gummi, na kuma ga ya yi wa wani bawan Allah da mura ta toshe wa hanci, ya tsaya yana jiran amsa. In ka shinshina, ka yi kuskuren yin tambayar da duk mai hankali zai yi, wato maganin mene ne, to ka jawo wa kanka. Zai mayar da furensa hula, ya dube ka da tausayi, ya ce, "Ba a ci, ba shi magani. Kallo akai."

Yayan Innata Hajo ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikin gandun daji ya yi a Anka, wajen renon dashen itatuwa, har ya yi ritaya. Innata ta ce lafiyarsa lau har zuwa shekarar da aka tura shi kwas Jos. Can aka kai su wani lambu da babu komai a ciki sai itatuwa iri-iri, kowanne da sunansa rataye a wuya, mutane suna yawo a ƙarƙashi hannu a baya, ba mai tsinka, ba mai sassaƙa. Daga nan ya kwaso ciwon. Da ya koma ƙauyenmu na bayan Bukkuyum sai ya dubi gonar da ya gada, wadda ke nan bakin gari, baƙar ƙasa mai riƙe ruwa da kakanmu ke cika rumbuna da ita, ya kewaye ta da shinge ya dasa mata itace tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya raɗa mata suna Gandun Kallo. Mu a bayan idonsa Gandun Asara muke cewa.

Abin bai tsaya nan ba. Ya bi masu shayi ya tattaro gwangwanayen madara, ya fasa ya baje, ya rubuta wa kowane itace sunansa da boko da ajami, ya rataya. Kai jama'a! A garin da yaro ke sanin kuka tun bai san sunan ubansa ba, Kawu ya rataya wa kuka allo ya rubuta KUKA. Na ce, "Kawu, wa za shi ganin wagga ƙatuwa shi ce tsamiya ta?"

Ya ce, "Ba don ku nir rubuta ba, ɗan Hajo. Don ita na, ta san an san da zamanta. Ku in kun dube ta miya ɗai kuka gani."

Wadda ta fi kowa shan wuyar gandun nan matarsa ce, Inna Kulu. Mijinta ya fi kowa itace a ƙasar Bukkuyum, ita kuwa da karan dawa da kashin shanu take girki, idanunta kullum jawur. Ko reshe ya bushe ya faɗo don kansa, ba ta da ikon ɗauka. Wata rana ta faki ido ta jawo wani busasshen reshen marke, ta kusa kaiwa ƙofar gida sai ga shi.

"Kulu, ina za ki da shi?"

"Murhu, Malam. Ai ya mutu."

"Wa yac ce miki an gama da shi? Gara na ciki tana aikinta. Ke kina son a ɗauke miki akushi kina cikin ci?"

Ta saki reshen ta kaɗe hannu, ta ce, "To Allah shi ba gara lahiya, tunda ita ad da miji gidan ga."

Dariya muke yi, amma akwai abin da ba na dariya ba a ƙarƙashi. Shekarun nan da gonakin nesa suka gagara zuwa saboda halin da daji ya shiga, duk wani taƙin ƙasa da ke bakin gari ya zama abin nema ruwa a jallo. Ɗansa Bello yana da mata da yara, yana noma wani ɗan tsukin da bai kai ya kawo ba, ga gonar ubansa a ƙofar gida tana fitar da fure. Bello bai taɓa ɓoyewa ba, ya ce ranar da ta zo hannunsa dawa za ta koma, ni kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Kawu ya sani sarai. Ya taɓa ce mini, "Ran da nir ruhe ido, gatari za shi riga masu gaisuwa isowa. Mutum guda nika biɗa, ɗan Hajo, guda ɗai, wanda za shi tsayawa gaban hure shi duba bai tambayi amfaninai ba. In na same shi, itacen ga sun tsira." Neman mutumin nan ne ya haifar da ziyarar da ta addabi dangi kaf.

Kowace shekara da ruwa ya fara ja da baya, an shiga yankan gero, dawa ta fitar da kai, lokacin da babu mai sararin ko sosa ƙeya, sai saƙo ya iso Anka da Gummi: Labbo ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Shekarar farko kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Ni na rufe shagona na kayan babur ranar kasuwa, na goyo Innata tana kuka tun daga Anka. Muna isa muka tarar da mara lafiya tsaye a bakin gandu da sandarsa, ya sha wanka, hula ta cika da fure. Innata ta ce, "Yaya, ba kai anka ce kana kwance ba?"

Ya ce, "Na tashi. Ku yi layi."

Daga ranar kowa ya gane. Amma ga inda tsohon ya fi mu wayo: wa zai yarda ya zama wanda bai je ba a shekarar da abin ya zama gaskiya? Haka muka riƙa zuwa, muna mita a hanya, muna "ya jiki" a bakin ƙofa, shi kuma yana amsawa da "da sauƙi" ba ko kunya.

Dokar ziyara ba ta da yawa. A bi juna ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ba tsinka, ba taunawa. Wanda ya yi zancen amfani ya koma bakin ƙofa ya faro daga farko. Sai ya tsayar da mu gindin bagaruwa, ta yi ado da 'yan ƙwallayen furenta rawaya, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Daga nan ɗundu, mai fure rabi ruwan hoda rabi ruwan ɗorawa, yana reto kamar tuntun hula. Sai lalle, inda mata ke wucewa suna kallon ganye suna haɗiyar yawu. Sai magarya, wadda furenta ba ya ƙamshi ko kaɗan, ƙudaje sun yanyame shi, amma dole ka kai hanci, don in ji Kawu ita ma iya ƙoƙarinta ke nan. A leƙa bado a ɗan kududdufin tsakiya, a ƙare a gindin gawo, wanda ya yi damina tsirara, sai yanzu da kowa ke shirin zubar da ganye shi yake toho. Kawu kan dafa shi ya ce, "Wanga ɗai ka gane ni." Abincin baƙi kuwa ruwan randa ne, wai ƙamshi ya ƙosar. Ba don Inna Kulu tana dama mana fura a ɓoye ba, da wani ya faɗi a gindin magarya.

Wanda ya fi kowa shan dokar nan shi ne Alhaji Ummaru na Gummi, mijin ƙanwar su Innata, mai saye da sayar da hatsi, mutum mai tumbi da bakin da ba ya rufuwa. Ana isa bagaruwa ya ce, "Wagga ai majema na biɗar ɗiyanta." Kawu ya nuna da sanda. "Ƙohwa!" Ya koma ya faro. Ana isa marke ya ce, "Ashe ba shi aka ba mai tari ba?" "Ƙohwa!" Kafin rana ta take Alhaji ya jiƙe sharkaf, babbar riga ta manne masa a baya. Can sai muka ga ya tsaya gaban ɗundu, ya ƙura ido, bai yi zancen amfani ba. Wallahi na ga fuskar Kawu ta yi haske. Ya ɗaga mana hannu kada wanda ya yi tari, ya lallaɓa kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, mi kag gani?"

"Wallahi Malam Labbo, tunani nikai, gonag ga in anka sa mata dawa, rumbu nawa za ta cikawa?"

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kai ba ƙohwa za ka komawa ba. Gummi za ka komawa."

To duk wannan wasa ne a kan maganar ƙuduji. Ku manoma ba sai na gaya muku ba, amma saboda 'yan birni, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawa ce da ke kama saiwar dawa ta tsotse, gona ta ƙone tana tsaye. 'Ya'yansa sun fi garin tuwo laushi, in suka zuba a ƙasa sai su yi shekaru suna jira. Manomi in ya gan shi ba ya tsayawa shawara, tumɓukewa yake ya ƙona. Wannan annobar ce Kawu ya duba, ya sake dubawa, ya ce kaf ƙasar Zamfara babu furen da ya kama ƙafarta a kyau. Abin haushin kuma ba ƙarya ya yi ba. Ruwan hoda ne mai haske, jere reras a kan siririn kara. Sai ya ware kunya guda a ƙarshen gandu ya shuka dawa, ba don ya ci ba, don ƙuduji ya samu abin ci.

Kunyar nan kuwa jingine take da gonar Baba Sambo, maƙwabcinsa, wanda tare aka yi musu kaciya, mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da ƙuduji da hannu da takin shanu har ya kore shi daga gonarsa. Ranar da ya leƙo ta kan shinge ya ga abokin gabarsa an kewaye shi da 'yan duwatsu, har da allon gwangwani an rubuta ƘUDUJI, ihun da ya yi sai da aka ji a masallaci.

"Labbo! Hauka kakai? Wuta kaka kiwo jikin gonata?"

"Sambo, rage murya. Matso ka ga bakin huren."

"In ga mi? Na san shi tun ba ka san hanyar Jos ba!"

"Saiwatai kas sani. Huskatai ba ka taɓa dubawa ba."

Magana ta kai gaban mai gari. Mai garin lokacin, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son a tashi daga gabansa da fushi. Ya saurari kowa, ya yanke cewa Labbo yana da ikon kallon furensa, amma kafin ya zubar da 'ya'ya a tumɓuke a ƙona. Baba Sambo ya ce ai Labbo ba abin yarda ba ne, wa zai tabbatar? Mai gari ya ce, "Kai mana. Kullum da sahe ka shiga ka duba. Ran da kag ga huren ƙasa ya bushe, kai ad da ikon cirewa." Baba Sambo ya fito yana taƙama, shi a dole ya yi nasara. Kawu ya biyo bayansa yana murmushi, ya jawo hannun rigata ya raɗa mini, "Ɗan Hajo, tun yaushe nika biɗar mai kallo? Ga shi hukuma ta ba ni kyauta."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ana ƙonawa, amma kowace damina sai ƙuduji ya fito a kunyar nan, kuma har yau ba a san inda Kawu ke samo iri ba, kodayake ana zargin hular. Da kaka ta kawo kai, gari na wayewa za ka ga Baba Sambo ya shiga gandu fuska a murtuke, ya tsugunna, yana ɗaga furanni ɗaya-ɗaya da tsinke, Kawu na tsaye a kansa. Sai ciniki ya kaure.

"Na ƙasa ya yi yaushi. Yau za ni cire shi."

"Yaushi ba bushewa ba na. Mai gari bushewa yac ce."

"To gobe."

"Jibi. Duba na bisa, ko buɗewa bai yi ba. Kana da imani kuwa?"

"Jibin. Amma wallahi da hantsi."

Ranar cirewa Baba Sambo ke tumɓukewa, Kawu ya juya baya. Su ƙona, su zauna gindin gawo su raba goro. Tun Baba Sambo yana shiga ya nufi ƙuduji kai tsaye, har aka fara ganinsa yana bi ta wajen bagaruwa da ɗundu, wai ta nan ta fi sauƙi. Kowa kuwa ya san ta nan ta fi nisa.

Bara waccan saƙo ya iso Anka a lokacin da ya saba isowa, sai dai ba irin wanda muka saba ji ba. Ba a ce ba lafiya ba. Cewa aka yi, "Labbo na gaishe ku, ya ce hure ya buɗe." Innata na jin haka ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Ɗauko babur. Yaya ba shi hwaɗin gaskiya banza." Rabon da in ji tsoro irin na ranar na daɗe.

Mun same shi a kan gadon kara, an fito da shi gindin gawo. Ya rame har hular ta yi masa yawa, amma furen na nan a gefenta. Ba shi da ƙarfin jagora. Ya ce mu yi layi mu bi Sambo. Baba Sambo ya ce, "Ni duba nika zowa, ba yawon banza ba." Ya faɗa, ya kuma shiga gaba. Ya kai mu ko'ina, yana tsayawa daidai inda Kawu ke tsayawa, bai kalli allo ko ɗaya ba. Da muka isa ƙarshen gandu sai na ga abin mamaki. Karan ƙudujin duk sun zama tsirara, sai 'yan furanni can a ƙoli. Ashe lokacin cirewa ya wuce tuni. Baba Sambo ne ke zuwa kowace safiya yana tsinke na ƙasan da suka bushe ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a aljihu, ya je gida ya ƙona.

Muna dawowa Kawu ya ɗago kai da ƙyar. "Sambo, na ƙasa ya bushe?"

"Bai bushe ba."

"Gobe?"

"Jibi," in ji Baba Sambo, ya kawar da kai.

Kawu ya rasu furen ƙoli bai ƙare ba.

Da aka yi sadakar arba'in aka raba gado, gandu ya faɗa hannun Bello. Gatari bai riga masu gaisuwa ba, amma bai makara sosai ba. Bello ya kirawo masu gawayi su zo su ga itace. Ina wurin, ban hana ba, don ba ni ke ciyar masa da yara ba. Suna cikin zagaya marke suna bubbuga gindinsa sai ga Baba Sambo.

"Bello, mi akai nan?"

"Baba, dawa za ni sawa. Kai ma ka huta da ƙuduji."

"Wa yac ce maka na gaji? Mai gari yas sa ni aikin duba, ba a kuwa sauke ni ba. In kas sare gandu, mi za ni dubawa?"

Bello ya yi 'yar dariyar girmamawa, ya sunkuyar da kai. "Baba, yara ba su cin hure."

"Na sani," in ji shi. "Ba a ci, ba shi magani." Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya iya ƙarasa masa.

'Ya'yan Baba Sambo duk sun tafi haƙar zinari wajen Bagega, gonarsa ta fi ƙarfinsa, rabinta kwance take. Ya ɗaga sanda ya nuna wa Bello gonar tasa tun daga shinge har tsamiyar bakin hanya. "Nomi wanga, kai da ɗiyanka, muddin itacen ga na tsaye. Babu ƙuduji ko guda ciki, ni nik kore shi da hannuna. Amma kunyar ƙarshen gandu, kai ka shibka mata dawa duk shekara." Aka kira shaidu, masu gawayi suka hau baburansu. Ana cikin shafa fatiha sai muryar Inna Kulu ta fito daga bayan zana.

"A sa busassun rassa cikin shaida!"

Baba Sambo ya waiga wajen zanar. Ya ce, "In gara ta gama."

"La'ilaha illallahu," in ji ta. "Ashe ciwon ga yaɗuwa shikai."

Bana da ruwa ya ja baya ina zaune a shago ranar kasuwa, sai ga saƙo: Sambo ba lafiya, jiki ya yi tsanani. Tabɗi! Na dubi mai saƙon, ya dube ni, na rufe shago. Mun same shi tsaye a bakin gandu da sanda, ya sha wanka. "Ku yi layi." Matata ba ta wuce lalle ba ya kora ta ƙofa. Da muka kai kunyar ƙarshe, wadda Bello ya shuka da hannunsa, tsohon ya tsugunna gwiwoyi na ƙara, ya zaro tsinke. "Mugun abu," in ji shi. "Maƙiyin talaka. Ɓarawon tuwo." Ya ɗaga furen a hankali ya daɗe yana kallo, sai na ji muryarsa ta sauya. "Amma duba bakinai, ɗan Hajo. Duba." Na tsugunna kusa da shi na duba, kewar Kawu ta kama ni.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa ƙaryar ciwon da ya yi ta yi mana, don mu mun yafe. Malamai sun ce lambunan Aljanna cike suke da abin ci. Ya Allah, in ka sa shi a ciki, ka ba shi ko da ɗan tsiro ɗaya a gefe wanda ba a ci, ba ya magani. Ka ajiye wa mai duba wuri kusa da shi, amma kada ka yi gaggawar kiransa, muna da sauran buƙatarsa a nan. Amin.